Gwyneth Paltrow: Daga fagen fim zuwa kasuwancin ba da shawara

A daren 21 ga watan Maris na 1999, Gwyneth Paltrow ta hau dandamali a birnin Los Angeles na Amurka tana zubar da hawaye, ta karɓi lambar yabo ta Oscar da ake bai wa 'yar wasan da ta fi yin fice a shekarar. Shekarunta 26 a lokacin.

Bayan shekaru 19, a watan Satumban 2018, sunanta ya sake cika jaridu, amma a wannan karon ba don wani fim ba. Kamfanin da ta kafa mai suna Goop ne ya amince zai biya tarar dala dubu 145 a jihar Kalifoniya, bayan da lauyoyin gwamnati suka zarge shi da tallata wasu kayayyaki a matsayin masu magani, ba tare da wata hujja ta kimiyya ba.

Paltrow na daga cikin taurarin farko da suka mayar da farin jininsu jari a zamanin intanet, ta hanyar gaya wa mutane abin da za su ci, da abin da za su sa, da yadda za su kula da jikinsu. Wannan sana'a ta kawo mata dukiya, ta kuma jefa ta cikin taƙaddama da likitoci a kan tambaya guda: wa ke da alhaki idan shawarar tauraruwa ta shafi lafiyar masu sauraronta?

Gidan 'yan fim

An haifi Gwyneth Kate Paltrow a ranar 27 ga watan Satumban 1972 a Los Angeles. Mahaifinta, Bruce Paltrow, mai shirya wasannin talabijin ne kuma darakta, mahaifiyarta Blythe Danner kuwa sananniyar 'yar wasan kwaikwayo ce a dandamali da kuma finafinai. Fitaccen daraktan nan Steven Spielberg aminin gidansu ne.

Tana ƙarama iyalin suka koma New York, inda ta yi karatu a makarantar Spence, wadda ta 'yan mata ce zalla kuma galibi 'ya'yan masu hali ne ke zuwa. A lokacin ƙuruciyarta ta zauna na ɗan lokaci a garin Talavera de la Reina na ƙasar Sifaniya, inda ta koyi harshen ƙasar.

Ta shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara domin nazarin tarihin zane-zane, sai dai ba ta kammala ba, ta bar karatun ta rungumi sana'ar iyayenta.

Wannan asali nata ya riƙa bin ta duk inda ta shiga. Masu sukarta kan ce tun daga shimfiɗa aka share mata hanya, don haka ba ta san wahalar da talaka ke sha ba. Ita kuwa takan ce da ta bar jami'a mahaifinta ya daina ba ta ko sisi, sai da ta nemi na kanta.

Shekarun tashe

Fim ɗinta na farko shi ne Shout, wanda ya fito a 1991 tare da John Travolta. A wannan shekarar ce kuma Spielberg ya ba ta ɗan ƙaramin matsayi a fim ɗinsa Hook.

Duniya ta fara sanin ta sosai a 1995, lokacin da ta fito a matsayin matar wani ɗan sanda mai bincike a fim ɗin Seven, tare da Brad Pitt da Morgan Freeman. A shekarar da ta biyo baya ta ja ragamar fim ɗin Emma, wanda aka ɗauko daga littafin marubuciyar Ingila Jane Austen. Yadda ta kwaikwayi lafazin Ingilishin Birtaniya ya sa wasu 'yan kallo suka ɗauka Baturiyar Ingila ce.

Shekarar 1998 ita ce ƙololuwar tashenta. Ta fito a Sliding Doors da Great Expectations da A Perfect Murder, sannan da Shakespeare in Love, inda ta taka rawar wata budurwa da ta yi shigar maza domin ta samu damar hawa dandamali, a zamanin da aka haramta wa mata wasan kwaikwayo a Ingila. Fim ɗin ya lashe lambobin Oscar bakwai, ciki har da nata.

Daga nan ta fito a The Talented Mr Ripley a 1999, da The Royal Tenenbaums da Shallow Hal a 2001.

Yawancin manyan finafinanta na wancan lokaci kamfanin Miramax na Harvey Weinstein ne ya shirya su. A watan Oktoban 2017 ta shaida wa jaridar New York Times cewa tana da shekaru 22, bayan ya ɗauke ta a fim ɗin Emma, Weinstein ya kira ta ɗakinsa na otal ya nemi yin lalata da ita, ta ƙi. Ta ce ta faɗa wa Brad Pitt, wanda suke soyayya a lokacin, shi kuma ya tunkari Weinstein ya ja masa kunne.

'Yan jaridar da suka bankaɗo badaƙalar, Jodi Kantor da Megan Twohey, sun bayyana a littafin da suka fitar a 2019 cewa Paltrow na cikin taurarin farko da suka taimaka musu a asirce. A 2022 wata kotu a Los Angeles ta samu Weinstein da laifin fyaɗe a shari'ar wata mata daban.

A wata hira da ta yi da wani gidan rediyo a 2020, Paltrow ta ce bayan ta samu Oscar ne ta gane cewa sana'ar fim ba ta kwanta mata a rai kamar yadda ta zata ba. Ta ambaci yadda aka sa mata ido a kan komai na rayuwarta, da kuma irin shugaban da ta yi aiki a ƙarƙashinsa, a matsayin abubuwan da suka sa ta ja baya.

Rasuwar mahaifi

A ƙarshen shekarun 1990 likitoci suka gano Bruce Paltrow na fama da cutar daji a baki da maƙogwaro. 'Yar tasa ta sha faɗin cewa wannan rashin lafiya ce ta sa ta fara karance-karance a kan alaƙar abinci da cuta, har ta riƙa ƙoƙarin sauya masa cimarsa.

Ya rasu a birnin Rum na Italiya a watan Oktoban 2002 yana da shekaru 58, a lokacin da suka je bikin cikarta shekaru 30 da haihuwa.

A watan Disamban 2003 ta auri Chris Martin, jagoran ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta Coldplay, suka zauna a Landan. Ta haifi 'yarta Apple a 2004, da ɗanta Moses a 2006. Daga baya ta bayyana cewa ta yi fama da ciwon damuwar da kan kama wasu mata bayan haihuwa, a lokacin da ta haifi ɗan nata na biyu.

A waɗannan shekaru ta rage fitowa a fim ƙwarai. Ta dawo a 2008 a matsayin Pepper Potts a fim ɗin Iron Man na kamfanin Marvel, matsayin da ta ci gaba da riƙewa har zuwa Avengers: Endgame a 2019. A 2011 ta samu lambar yabo ta Emmy saboda fitowar da ta yi a wasan talabijin na Glee, ta kuma fito a Contagion, fim ɗin da ya ba da labarin wata annoba da ta game duniya.

Kafuwar Goop

A watan Satumban 2008 ne Paltrow ta fara aika wata wasiƙa ta imel sau ɗaya a mako daga gidanta na Landan, zuwa ga duk wanda ya yi rajista. Abin da ke ciki bai wuce yadda ake girke-girke ba, da gidajen abincin da ta ji daɗinsu a tafiye-tafiyenta, da littattafai, da tufafi, da shawarwarin masanan da take hulɗa da su.

Sunan Goop ya samo asali ne daga harufan farko na sunanta, G da P. Ta ce wani masanin talla ne ya gaya mata cewa kamfanonin intanet da suka yi nasara galibi suna da harafin O guda biyu a sunansu.

Da farko jaridu sun mayar da abin na dariya. Sun ce attajira ce ke koya wa mutane rayuwar da ba su da kuɗin yi. To amma masu karɓar wasiƙar sai ƙaruwa suke yi, kuma kamfanoni suka lura cewa duk abin da ta ambata yakan samu kasuwa.

A 2012 Goop ya fara sayar da kaya da kansa. A 2014 aka mayar da harkokinsa Amurka, aka kuma ɗauko Lisa Gersh, wadda ta taɓa shugabantar kamfanin Martha Stewart, ta riƙe shi na kimanin shekaru biyu. Daga bisani Paltrow da kanta ta karɓi shugabancin, kamfanin kuma ya kafa hedikwatarsa a Santa Monica da ke Kalifoniya.

A 2016 ya fito da nasa mayukan shafawa da tufafi, a 2017 kuma ya ƙara da ƙwayoyin bitamin. A watan Yunin wannan shekarar ya shirya taronsa na farko a kan kula da lafiya a Los Angeles, inda kuɗin shiga ya kama daga dala 500 zuwa 1,500.

Masu zuba jari sun sa dala miliyan 15 a kamfanin a 2016, sannan dala miliyan 50 a 2018, lokacin da aka ƙiyasta darajarsa a kan dala miliyan 250.

Baya ga haka ta wallafa littattafan girki guda huɗu tsakanin 2011 da 2019. Na farkon, My Father's Daughter, ta rubuta shi ne don tunawa da mahaifinta.

Yadda kasuwancin ke tafiya

Tsarin Goop mai sauƙin fahimta ne. Kamfanin kan wallafa bayani a kan wata matsala da ke damun mutane, musamman mata, kamar yawan gajiya ko rashin barci ko ƙiba ko alamun tsufa. A gefen bayanin kuma akwai kayan da aka ce suna taimakawa, waɗanda mai karatu zai iya saye nan take. Mai ba da shawarar shi ne kuma mai kantin.

Dokar Amurka ta ba da sarari ga irin wannan ciniki. A ƙarƙashin wata doka ta 1994, ƙwayoyin bitamin da sauran abubuwan ƙarin kuzari ba sa buƙatar amincewar hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, kafin a kai su kasuwa, saɓanin magungunan asibiti da sai an yi shekaru ana gwada su. Abin da dokar ta hana shi ne a ce suna warkar da wata cuta ko suna kare mutum daga ita.

Ita kanta surutun da ake yi a kan kamfanin ya zame masa talla. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2018 cewa Paltrow ta shaida wa ɗaliban sashen kasuwanci na Jami'ar Harvard cewa duk lokacin da ce-ce-ku-ce ya ɓarke, mutane kan yi tururuwa su ga abin da aka faɗa, ita kuma tana iya mayar da wannan tururuwa kuɗi.

Hatta mutuwar aurenta ta bi ta wannan hanya. A watan Maris na 2014 ta sanar ta kafar Goop cewa ita da Chris Martin za su rabu, ta kira abin rabuwa cikin sani da fahimtar juna. An yi ta yi wa kalaman ba'a, amma suka shiga bakin jama'a. An kammala sakin a 2016, kuma a watan Satumban 2018 ta auri Brad Falchuk, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan Glee.

Taƙaddama da likitoci

Tun a 2015 wani farfesan dokokin kiwon lafiya a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada, Timothy Caulfield, ya wallafa littafi sukutum a kan yadda taurari ke ɓatar da jama'a a harkar lafiya, ya kuma sa sunan Paltrow a bangonsa. Daga cikin abubuwan da ya soka har da tsarin cimar da ake cewa yana wanke guba daga jiki, wanda Goop ya daɗe yana yayatawa. Likitoci sun ce hanta da ƙoda ne ke wannan aiki a jikin mai lafiya, kuma babu shaidar cewa wani haɗin abin sha yana ƙara musu wani abu.

A 2017 kamfanin ya fara sayar da wani koren dutse mai siffar ƙwai a kan dala 66, wanda aka ce mata su riƙa sanyawa a gabansu. An yi iƙirarin cewa yana daidaita al'ada, yana hana zazzagowar mahaifa, yana kuma taimakawa wajen riƙe fitsari. Wata likitar mata, Dakta Jen Gunter, ta yi gargaɗin cewa dutsen na iya tara ƙwayoyin cuta.

A watan Yunin wannan shekarar Goop ya tallata wasu 'yan takardu masu mannewa a fata, da aka ce suna daidaita ƙarfin jiki, kuma wai an yi su ne da irin abin da ake sa wa a rigunan 'yan sama jannati. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta musanta, kamfanin kuma ya cire wannan magana.

A watan Agusta wata ƙungiya mai sa ido a kan gaskiyar tallace-tallace, Truth in Advertising, ta miƙa wa hukumomin Kalifoniya jerin iƙirari fiye da 50 da ta ce ba su da tushe. Wannan ne ya kai ga sasantawar watan Satumban 2018 da lauyoyin gundumomi goma na jihar.

Sasantawar ta shafi dutsen nan, da wani makamancinsa, da kuma wani haɗin ruwan furanni da aka ce yana kare mutum daga ciwon damuwa. Baya ga tarar, an umarci kamfanin ya mayar wa masu saye kuɗinsu idan sun nema, aka kuma hana shi yin iƙirarin magani ba tare da hujjar kimiyya ba. Goop bai amsa laifi ba. Ya ce saɓanin fahimta ne, kuma ya zaɓi a kashe maganar cikin gaggawa.

Wata mujalla da ya fara bugawa a 2017 tare da kamfanin Condé Nast ta tsaya bayan fitowa biyu kacal. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne Condé Nast ya dage sai an tantance gaskiyar duk abin da za a buga, kamar yadda yake yi wa sauran mujallunsa. Daga baya Goop ya ɗauki nasa mai tantancewa da kuma masana kimiyya.

A watan Janairun 2020 kamfanin Netflix ya fitar da wani shiri mai kashi shida, The Goop Lab, wanda ya nuna ma'aikatan kamfanin suna gwada abubuwa irin su shiga ruwan ƙanƙara, da ganawa da masu iƙirarin magana da matattu. Kowane kashi na farawa ne da sanarwar cewa shirin na nishaɗi ne, ba shawarar likita ba. Duk da haka shugaban hukumar kiwon lafiya ta Ingila, NHS, na wancan lokaci, Simon Stevens, ya ce irin abubuwan da ake yaɗawa na da haɗari ga lafiyar jama'a.

A watan Fabrairun 2021 babban daraktan lafiya na hukumar, Farfesa Stephen Powis, shi ma ya soki tsarin azumi da cimar da Paltrow ta ce tana bi don magance raɗaɗin da cutar korona ta bar mata. Ya ce masu faɗa a ji suna da nauyin kula da abin da suke gaya wa mabiyansu.

Abin da magoya bayanta ke cewa

Paltrow takan kare kanta da cewa tambayoyi kawai kamfaninta ke yi, kuma mata na da 'yancin neman amsa a wajen asibiti. Tana kuma cewa abubuwa da dama da aka yi mata dariya a kansu a baya, kamar motsa jiki na yoga da guje wa wasu nau'o'in abinci, sun zama ruwan dare daga bisani.

Har wasu daga cikin masu sukarta sun yarda cewa akwai giɓin da ta cike. Mata da yawa na kokawa cewa likitoci ba sa sauraronsu, ko kuma suna raina ciwon da suka kawo ƙara a kai. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki: wadda aka sallama daga asibiti ba tare da gamsasshen bayani ba, za ta saurari duk wanda ya ba ta lokaci.

Abin da likitocin ke tsoro shi ne mai ciwon da ke da magani ya ɓata lokaci da kuɗi a kan abin da ba a gwada ba, har cutar ta yi nisa.

Ra'ayin jama'a a kanta ya daɗe a rabe. A watan Afrilun 2013 mujallar People ta zaɓe ta a matsayin macen da ta fi kowa kyau a duniya, a daidai lokacin da mujallar Star ta sa ta a kan gaba a jerin taurarin da aka fi tsana. A 2015 ta yi alkawarin rayuwa mako guda a kan abincin dala 29, kwatankwacin tallafin da gwamnatin Amurka ke bai wa marasa ƙarfi, domin jawo hankali ga halin da suke ciki. Bayan kwana huɗu ta amsa cewa ta kasa.

Waɗanda suka bi sahu

Martha Stewart ta riga ta gina daula a kan koyar da girki da gyaran gida, amma Paltrow ce ta nuna wa 'yan fim cewa su ma za su iya.

Jessica Alba ta ƙaddamar da kamfanin Honest mai sayar da kayan jarirai da na tsafta a 2012, ya kuma shiga kasuwar hannayen jari a 2021. Blake Lively ta buɗe Preserve a 2014, ta rufe shi a 2015. Reese Witherspoon ta kafa kamfanin tufafi na Draper James a 2015. Meghan Markle ta gudanar da The Tig daga 2014 zuwa 2017, ta daina kafin aurenta da Yarima Harry na Birtaniya. Kourtney Kardashian ta fito da Poosh a 2019.

Ba duka ne suka ɗore ba, kuma shi kansa Goop ya fuskanci matsi yayin da kasuwar ta cika da masu irin wannan sana'a. A watan Satumban 2024 ya sallami kimanin kashi 18 cikin ɗari na ma'aikatansa, ya ce zai mayar da hankali a kan tufafi da kayan kwalliya da abinci, wato fannonin da ba su cika jawo masa rikici da likitoci ba.

A watan Maris na 2023 Paltrow ta sake jan hankalin duniya a wata shari'a da aka nuna kai tsaye daga jihar Utah, inda wani likitan ido mai ritaya ya nemi diyyar dala dubu 300 a kan karon da suka yi a wajen wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a 2016. Masu taya alƙali yanke hukunci sun ce shi ne mai laifi, aka ba ta diyyar dala ɗaya da ta nema.

Bayan shekaru shida ba ta fito a wani babban fim ba, ta dawo a watan Disamban 2025 a Marty Supreme, labarin wani matashi ɗan wasan ƙwallon tebur a shekarun 1950, tare da Timothée Chalamet. Matsayin da aka ba ta shi ne na wata tsohuwar tauraruwar fim da ta bar sana'ar ta auri attajiri, take kuma neman komawa dandamali.